Taswirar Hannun Corwin

Pell Creek, Oregon
9 ga Afrilu, 2004

Zuwa ga Yayana Arlen,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka Lorna, da fatan sanyin tsibirin nan bai gama cinye maka kunnuwa ba. Mu nan lafiya lau. Mama na gaishe ka. Gwiwarta ta yi sauƙi har tana zuwa coci da ƙafa, sai dai har yanzu miyar wake ta mutum uku take dafawa alhali mu biyu ne a gidan, ni nake shan wahalar cinye rabonka. Ta ce in tambaye ka ko janaretocin kamfanin kifin nan ba su da wani bakanike a duniya sai kai. Wayar ofishinku kuma na kira har na gaji ba ta shiga, shi ya sa na koma takarda da biro kamar 'yar makaranta.

To ga labari. An buɗe filin tsere na Sorrel, na fitar da babur, ban yi nisa ba ƙwaƙwalwar injin ta ƙone. Akwatin nan da ka ɗaura min nake nufi, wanda ka daɗe kana zana wa taswira, kana auna yawan man da zai ba inji a kowace giya da kowace murzar totur. Wari kawai na ji, babur ya yi tari ya mutu a miƙaƙƙiyar hanya. Haka na turo shi cikin kayan fata ina gumi, jama'a na dariya. Merle mai tuta, tsohon nan da ke tsaye a kwanar Ƙugiya, har cewa ya yi tunda yayana ya tafi kamun kifi gara in sayi keke.

Na dawo gareji raina a ɓace, na hau binciken kantocinka ko zan samu abin lallaɓawa. Can saman kanta, bayan gwangwanayen fenti, sai ga akwati irin nawa sak, an naɗe shi da jan salatif, ba suna ba komai. Na ce bari in gwada, in ya ƙi ba abin da na rasa. Yaya, taɓawa ɗaya babur ya tashi. Muryarsa ma ta canja, ta yi kauri, har Mama ta leƙo daga kicin ta ce baƙo muka yi ne.

Ranar Asabar na koma fili. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Da ƙyar nake taɓa totur, amma yana tafiya kamar ya riga ni sanin inda za mu. Mutanen da suka daɗe suna wuce ni suna ɗago min hannu, duk na bar su a baya suna shaƙar hayaƙina. Wuri ɗaya kawai yake min gardama. In na zo shiga Ƙugiya a giya ta uku sai ya yi sanyi, kamar an riƙe masa riga ta baya, sai na fita kwanar yake dawowa hayyacinsa. Wannan kam kuskurenka ne, in ka dawo ka gyara.

Abin da ya ba ni haushi shi ne ashe kana da irin wannan taswira a ɓoye, ka bar ni shekara biyu ina jan ƙafa a bayan mutane. Wa ka ajiye wa? In budurwa ce ka faɗa min, ba zan gaya wa Mama ba, sai in ta tambaya.

Ka riƙa rufe wuyanka, ka san ƙirjinka ba ya son sanyi.

Ƙanwarka,
Lorna

Tsibirin Uvak, Alaska
2 ga Mayu

Lorna,

Ina gaishe ki, ki gaishe min da Mama. Ki ce mata lafiyata ƙalau, ban da ɗan tari da warin kifi da ya shiga har cikin filona. Waya kam iska ta karya sandarta tun watan Maris, ba wanda ya san ranar gyara. Wasiƙarki yau ta iso. Jirgin ruwan da ya kawo ta yana lodi, da ya gama zai juya, don haka a tsaye nake rubutu.

Ki cire akwatin nan daga babur ɗinki. Ranar da kika karanta wannan nake nufi.

Na Corwin Strand ne. Ba ki san shi ba, lokacin kina makarantar jinya a Portland. Shi ya fi kowa gudu a Sorrel, kuma da rabin hannu yake tuƙi. Injin yankan katako ya taɓa murƙushe masa hannun dama, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka mutu, wuyan hannun ya sandare, ba ya iya murza totur da nisa. Ni na zana masa taswira daidai hannunsa, murza kaɗan, wuta mai yawa. Shi ya sa kike jin babur na tafiya da kansa. Ba a yi ta don lafiyayyen hannu ba.

A Ƙugiya ya mutu, shekara huɗu ke nan. Ya shigo bai rage wuta ba, ya keta tsakuwar gefen hanya ya tarar da shinge.

Kin dai sha ganin akwatunan da ke rataye a wayar shingen fili, masu huji a tsakiya. Haka muke yi. In mutum ya mutu a kan babur, ba a barin taswirarsa ta wuce shi. A goge ta, a huda akwatin, a rataye shi inda ya faɗi. Na Corwin ma haka za a yi, sai matarsa Bernadette ta riƙe min hannu ta ce hujin da ta gani a jikin mijinta ya ishe ta, kada in ƙara wani. Sai na goge shi a gabanta, ta ga allon kwamfuta ya koma fari fat, na naɗe shi na jefa saman kantar gareji.

Ki natsu ki ji ni. Akwatin da aka goge ba ya tayar da inji, ko tari ba ya sa shi yi, don babu lamba ko ɗaya a cikinsa da za ta gaya wa inji ya sha mai. Da na fara karanta wasiƙarki cewa na yi wani akwatin kika ɗauko. Da na zo inda kika ce yana sanyi a giya ta uku wajen shiga Ƙugiya, sai da na ajiye kofin da ke hannuna. Wannan sanyin rami ne a cikin lambobin, ni na haƙa shi da gangan, kuma a taswirar mutum ɗaya tak na taɓa haƙa shi. Ba kuskure ba ne, kada ki taɓa shi.

Ana busa ƙahon jirgi. Taswirarki ta asali na cikin kwamfutar gareji. Ki sayi sabon akwati ki zuba ta a ciki, ita aka yi dominki.

Yayanki,
Arlen

Pell Creek
19 ga Mayu

Yaya Arlen,

Ina gaisuwa. Mama lafiya, ta shuka tumatir a bayan gida, ta ce ka riƙa shan shayi da zuma saboda tarin. Ni ma lafiya, aikin asibiti ne dai ba ya ƙarewa.

Na karanta wasiƙarka daga sama har ƙasa ina neman inda ka ce min sannu da ƙoƙari, ban gani ba. Tun muna yara haka kake. In na hau bishiya ka ce reshen ruɓaɓɓe ne, in na shiga rafi ka ce akwai rami. Yanzu na fara wuce abokanka a fili, sai ka ɗauko min labarin gawa. Allah ya ji ƙan Corwin, na yi wa matarsa baƙin ciki, amma akwati ai akwati ne, roba da waya. Kai dai ka faɗi gaskiya, abin ya tsaya maka ne da na yi gudu ba tare da kana tsaye a kaina da sukundireba ba.

Duk da haka, don kada ka ce ban ji magana ba, na haɗa shi da kwamfuta. Taswira tana nan cike, lambobi reras, sai wasu gidaje a layin giya ta uku da suke kusan wayam, ramin naka ke nan. Na danna gogewa da hannuna. Allo ya yi fari. Na gwada tayar da babur, shiru, kamar yadda ka ce. Na rufe gareji na tafi aiki. Da na dawo da yamma na zo wucewa, sai na taɓa maɓallin tayarwa don wasa kawai. Ya tashi.

Ba zan ɓoye maka ba, gabana ya faɗi. Amma da na zauna na yi tunani, ai irin waɗannan akwatunan suna iya ajiye kwafi a wani lungu, in ya ga an share shi sai ya dawo da abinsa. Kai ne bakanike, kai za ka fi sanin sunan abin.

Ranar Asabar bayan na sauka, Merle ya bar tutarsa ya tako har inda nake, abin da ba ya yi. Ya tsaya yana kallon babur ɗin, ni ko kallona bai yi ba.

"Yarinya, wa ya taɓa miki inji?"

"Ba kowa, Baba Merle. Keken da ka ce in saya ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni a kwanar nan na tsufa. Ba na ɗaga kai, da kunne nake sanin mai zuwa. Yau duk zuwanki sai na ɗaga kai."

"Sai ka ga wa?"

"Ke na gani. Amma ba ke na ji ba."

Na ce masa tsufa ne, ya je a wanke masa kunne, zan yi masa kyauta a asibitinmu. Ya juya ya tafi. Ku mazan Sorrel duk ɗaya kuke, in mace ta yi gudu sai kun nemo mata namijin da za ku ce shi ne, ko da matacce ne.

Ba zan cire akwatin ba sai bayan babbar tseren Yuli. Bayan nan ka huda, ka ƙona, ka yi yadda ka ga dama. In kana da hanya ka aiko min da safar hannu irin ta masunta, mai laushi. Sabuwar da na saya tana matse ni, yatsuna biyu na dama har sun fara mutuwa in na sauka.

Lorna

Pell Creek
11 ga Yuni

Yayana,

Ina gaishe ka. Shiru ban ji daga gare ka ba, ban sani ba ko jirgi ne bai zo ba ko fushi kake yi. In fushi ne ka yi haƙuri, na faɗi maganganun da bai kamata ba. Mama lafiya, tumatir ɗinta ya fara fure. Ni ce dai ba zan ce maka lafiya lau ba.

Yatsun nan ba safa ba ce. Na daina sa ta, ba su dawo ba. Ƙaramin da na kusa da shi, in na soka musu allura ba na ji. Na gaya wa kaina jijiya ce kan babur ya danne, na sha ganin irinta a wurin masu keke. Amma wuyan hannun ma ya fara tauri. Shekaranjiya na zo sa wa wata tsohuwa ruwa, na kasa juya hannuna in kama jijiyarta, sai da na kira wata ta karɓe ni. Ni da ake nema in an rasa jijiyar jariri. A gida kuma muna cin abinci Mama ta ajiye cokalinta ta ce, "Wa ya koya miki riƙe cokali haka kamar mai riƙe guduma?" Na duba, da yatsu uku nake riƙe da shi, ban san yaushe na fara ba.

A kan babur kuwa hannun lafiyarsa ƙalau. Can ne kawai yake jin daɗi. Kuma ramin naka yana cikewa, Yaya. Wallahi ban taɓa shi ba. Duk ranar da na dawo daga fili na haɗa kwamfuta, sai in tarar wani gida da yake wayam ya samu lamba. Babur ya rage yin sanyi a Ƙugiya. Ina shiga da gudun da ban taɓa shiga ba, ina bin wani layi can kusa da bakin kwalta wanda ba wanda ya koya min. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne daɗin da nake ji.

Sai na ce bari in yi abin da ka ce. Amma tunda Bernadette ce ta hana hudawa, na ga ya kamata in nemi izininta. Merle ya kwatanta min gidanta, can bayan masana'antar katako. Ta buɗe ƙofa, mace mai fara'a, hannunta duk garin fulawa. Na faɗi sunana, na ce ni ƙanwar Arlen ce, na miƙa mata hannu muka gaisa. Sai na ga fara'ar ta ɗauke. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana kallonsa, tana shafa yatsun nan biyu da babban yatsanta. Can ta sake shi da sauri ta goge nata a jikin riga.

"Me ya kawo ki?"

Na gaya mata komai. Ba ta ce in shigo ba. Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina riƙe hannun nan a coci. Ki je ki huda shi. Da na bari an huda shi tun farko." Ta rufe ƙofa a hankali.

Ranar Lahadi da rana tsaka muka yi, ni da Merle. Na goge, ya riƙe min akwatin a kan kututture, na huda shi da ƙusa har tsinin ya fita ta baya. Muka rataye shi a shingen Ƙugiya. Merle ya cire hularsa ya ce, "To Corwin, ka huta haka nan, ka bar 'yar mutane." Na ji kamar an sauke min kaya.

Na sayi sabon akwati, na zuba taswirata daga kwamfutarka kamar yadda ka ce. Babur ya dawo nawa, sai dai ya yi min nauyi. Ina murzawa ba ya tafiya, don wuyan hannun ba ya kaiwa inda yake kaiwa da. Sai na gano dabara, ina miƙa hannun can gaba in kamo totur ta sama kafin in murza, sai ya buɗe sosai. Yatsun ba su dawo ba tukuna, amma jijiya ai tana ɗaukar lokaci. Zan shiga tseren Asabar ta uku a Yuli da abina, ba da na kowa ba. Ka ga dai na ji maganarka.

Ƙanwarka mai kewarka,
Lorna

Tsibirin Uvak
1 ga Yuli

Lorna ƙanwata,

Ina gaishe ki da Mama. Lafiyata lau, tari ya tafi. Ba fushi nake ba, guguwa ce ta hana jirgi zuwa, wasiƙunki biyu tare suka iso. Ta farkon na karanta ina tsaki, har na wuce maganar safar hannu ban kula ba, na ɗauka ƙorafinki ne na kullum. Da na gama ta biyun na koma na sake duba wannan layin.

Kada ki shiga tseren nan. Ki ji dalili, wanda ban samu lokacin rubutawa ba wancan karon.

Hannun Corwin yana buɗe totur, rufewa ce take masa wuya. In ya gaji, yatsun nan biyu sai su ƙanƙame su ƙi saki. Ƙugiya kuwa ita ce inda ake sakin totur gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa na haƙa masa ramin, don inji ya rasa numfashi da kansa a daidai wurin, hannunsa ya samu lokacin da zai saki. Shi kuwa ramin nan ya tsaya masa a rai. Kullum yana bina, Arlen cike min, yana cinye min gudu. Na ƙi. Muka yi cacar baki har ya daina min magana. A makon da ya mutu ya ari kwamfutar wani ya cike shi da kansa, gida bayan gida. Da aka kawo min akwatin bayan jana'iza, babu ramin. To ke kin same shi da rami, kina kallo yana cikewa. Ni ban san sunan wannan ba, kuma ba kwafi ba ne.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Taswirarki ba ta da rami ko kaɗan, domin hannunki bai taɓa buƙatarsa ba. Ni na ce ki zuba ta, kuma ranar da na rubuta haka daidai ne. Amma hannun da kike kwatanta min yanzu ba shi na auna ba. Na san shi, na zauna da shi a gareji wata da watanni. Kin huda akwatin, kin kyauta, sai dai ina tsoron abin ya riga ya fita daga cikinsa. Kin ɗora hannun Corwin a kan taswirar da ba ta da rami, kuma haka yake ranar da ya mutu. Dabarar nan taki ta kamo totur ta sama ma tasa ce, ita ke sa hannu ya yi nisa da inda zai rufe.

Ba kishi nake ba, Lorna. Kin fi ni iya tuƙi tun tuni, ban dai taɓa faɗa miki ba ne don kanki ba ya buƙatar ƙarin girma. Sannu da ƙoƙari. Ga shi na faɗa.

Na san halinki, don haka ki ji wannan ma. In kin ƙi ji kin hau, ki bar yatsu biyu na hagu a kan kuloci tun daga tashi. In dama ta ƙi saki, kada ki yi kokawa da ita, kada ki nemi maɓallin kashe inji don a ɓangarenta yake. Ki matse kuloci ki raba inji da taya. Inji ya fashe, ina ruwanmu.

Na ba su sanarwar barin aiki. Da zarar an kawo wanda zai karɓe ni zan taho.

Yayanki,
Arlen

Asibitin Pell Creek
20 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Ina raye. Mama lafiya, tana nan zaune a kujera tana gyangyaɗi, ta yi kukanta ta gaji. A ɗakin da na saba ba wa mutane magani aka kwantar da ni, abokan aikina sai tsiya suke min, wai yau za su rama.

Wasiƙarka ta iso da safiyar tseren. Mama ta miƙo min ita ina ɗora babur a mota. Na karanta a fili ina sanye da kaya. Gaskiya na ce Arlen ya fara, ana ba shi ɗan yatsa sai ya nemi hannu, an huda akwati kuma ya koma kan taswirata. Sai dai maganar sannu da ƙoƙarin nan ta taɓa ni. Na ce tunda ya iya faɗin wannan, bari in yi masa abu ɗaya. Da muka jera a layi na ɗora yatsu biyu a kan kuloci.

Na fita a gaba, ba wanda ya kusance ni. Zagayen farko lafiya, na biyu lafiya. Hannun yana sakin totur a Ƙugiya, amma kowane zuwa yana ƙara jinkiri, kamar mai tunanin ko zai yarda. A zagayen ƙarshe na hango tutar Merle, na zo inda ake saki, na ce saki. Bai saki ba. Ba ƙanƙamewa ya yi ba irin ta tsoka, wannan na san ta. Ƙara murzawa ya yi, a natse, da iyawa. Ina kallonsa, hannuna ne cikin safata, yana yin abin da ya ga dama. Na ga shinge yana tahowa, na ga akwatin da muka rataye yana lilo.

Na matse kuloci. Inji ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ya fashe a ƙarƙashina. Na taka birkin baya, muka shiga tsakuwa a karkace, babur ya kwanta ya ja ni har ƙafata ta taɓa gindin shingen. Merle ya ce da ya iso, inji a mace, mai na zuba, hannun yana nan riƙe da totur a buɗe. Sai da ya durƙusa ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce yana yi yana magana, amma ya ƙi gaya min da wa.

Haƙarƙari biyu sun tsage, wuyan hannun dama ya karye. An sa min farin ɗaurin nan mai tauri har gwiwar hannu. Babur kam ya gama, kuma kada ka gyara shi. Na gama da Sorrel. Ina rubuta wannan ina kuka, don ka san ba abin da na taɓa so a duniya kamar fitowa daga kwana da wuta a hannuna.

Jiya likita ya kawo hoton ƙashin, ya ɗaga shi a haske yana nuna min karayar. Sai ya sa biro a kan ƙaramin yatsa da na kusa da shi ya ce, "Waɗannan kuma yaushe kika murƙushe su? Sun daɗe da warkewa, amma wanda ya ɗora miki bai kyauta ba." Na ce ban tuna ba. Mama na wurin, ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai. Kai ka sani, ita ma ta sani, ko targaɗe ban taɓa yi a hannun nan ba.

Wani lokaci ina kwance sai in ji shi a cikin ɗaurin yana murzawa a hankali, yana gogar bangon ta ciki. Ba ya ciwo. Ina dai ɗora hagu a kansa har ya bari.

Likita ya ce ƙarshen Agusta za a yanke ɗaurin, wai in kwantar da hankalina, hannu zai koma yadda yake. Ban tambaye shi yadda yake yaushe ba. Yaya, ka yi duk yadda za ka yi ka iso kafin ranar, ko sun samu wanda zai karɓe ka ko ba su samu ba. Ba na so a buɗe shi daga ni sai Mama. Kai kaɗai ka auna hannayen nan biyu. Ina so ka tsaya kusa da ni in an yanke, ka riƙe shi ka duba, ka gaya min na wane ne, kuma kada ka yi min ƙarya.

Ƙanwarka,
Lorna